Dillalin da ƙanin mijina ya kawo yana neman kafin alƙalami, ni kuwa ban ga mai gidan ba

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Kano. Maigidana ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar ni da yara huɗu, babbansu yana aji biyar na sakandare. A haya muke zaune. Da aka raba gado, na haɗa tumunina da rabon yaran da ɗan abin da na tara a adashi, ya kama naira miliyan 25, muna so mu sayi gida mu huta da kuɗin haya. Ƙanin mijina, wanda tsakani da Allah shi yake tsaya mana tun bayan rasuwar, ya kawo wani dillali abokinsa. Ya nuna mana gida a wajen Gaida, ɗaki uku da falo, ya ce an sallama a miliyan 24. Gidan ya kwanta min a rai. Sai dai da na ce a haɗa ni da mai gidan, ya ce yana Abuja, ba ya son a dame shi, shi ya wakilta. Na ce in ga takarda, ya turo min hoton shafi ɗaya ta WhatsApp. Yanzu ya ce in tura miliyan 2 kafin alƙalami a asusunsa kafin Juma'a, wai wani Alhaji ya taya. A gefe guda, wata abokiyar aikina ta haɗa ni da dillalin da ya saya mata nata gidan. Dattijo ne, amma sanyin jiki gare shi, wata guda cur gida biyu kacal ya nuna min, kuma kowanne sai ya faɗi aibinsa. Ina jin nauyin ƙanin mijina, ba na so ya ga kamar ban yarda da shi ba. Wanne zan bi, kuma yaya ake gane dillalin kirki? Daga Maman yara huɗu, Kano.

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya jiƙan maigidanki, ya kai haske kabarinsa, ya raya abin da ya bari.

Tunda Juma'a ta kusa, amsar gaggawa ita ce kada ki tura kuɗin nan. Ko sisi. Ban ce mutumin nan macuci ne ba, ban san shi ba, kuma mai yiwuwa ne ƙanin mijinki ya san shi da alheri shekara da shekaru. Amma abin da ya nema daga gare ki, ko waliyyi ne ya nema, ba a yi. Ba ki ga mai gida ba, ba ki riƙe takarda a hannunki ba, asusun da za ki tura ba na mai gida ba ne. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Kafin mu zo kan wanne za ki bi, ki fara sanin ta ina dillali yake ci, don daga nan duk halayensa suke fitowa. Dillali ba shi da albashi. La'ada yake ci, kuma la'ada ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Abin da aka saba ji a nan Kano shi ne kashi biyar cikin ɗari, wani lokaci mai saye ya biya, wani lokaci mai sayarwa, wani lokaci a raba. Al'ada ce da yarjejeniya, ba aya ba ce, ana iya ragi. To ki ɗauki alƙalami, tunda ke malama ce: kashi biyar na miliyan 24 miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ne. Wannan kuɗi yana shiga aljihunsa ranar da kika biya, ko gidan nan lafiyayye ne ko yana da rigima a kotu, ko ruwa yana cin ɗakunan da damina ko ba ya ci. In kika fasa kuwa, man babur ɗinsa ma ya tafi a banza. Saboda haka duk dillali, na kirki da na banza, zuciyarsa tana wajen a gama. Taki zuciyar kuwa tana wajen a zauna lafiya shekara talatin. Hanyarku ɗaya ce har zuwa ranar biya, daga nan kowa ya kama gabansa. Dillalin kirki shi ne wanda tsoron Allah, ko tsoron zubewar mutuncinsa a unguwa, ya fi masa ƙarfin la'adar yini ɗaya.

Sana'ar kanta halal ce, kada a fahimce ni a baibai. Imam Bukhari ya ware babi a kan ladan dillanci, ya kawo cewa magabata irin su Ibn Sirin da Aɗa'u da Hasan ba su ga laifinsa ba, har ya kawo maganar Ibn Abbas cewa babu laifi mutum ya ce wa wani: sayar min da wannan tufa, abin da ya haura kaza naka ne. Kuma a gari irin Kano, ba ki da yadda za ki san wane gida ne na sayarwa in ba ta bakinsu ba, don mafi yawan masu sayar da gida ba sa so maƙwabta su sani. Wani bashi ne ya kama shi, wani rabon gado ne, wani tashi zai yi a ɓoye. Dillali ne yake riƙe da wannan sirri. Amfaninsa ke nan: ya nemo, ya haɗa, ya sasanta farashi. Iyakarsa ke nan kuma.

Yanzu mu zo kan "mai gida yana Abuja". Wannan magana na ji ta ba adadi, kuma yawanci ɗaya daga cikin abu uku take rufewa. Na farko, shi kansa dillalin bai san mai gidan ba. Gida ɗaya a Kano sai ki tarar dillali biyar suna riƙe da shi: mai gida ya faɗa wa ɗaya, ɗayan ya faɗa wa abokinsa a majalisa, abokin ya tura hoto a WhatsApp, har ya iso ga wanda ya zo miki. Kowa a layin nan yana jiran rabonsa, kuma kowa yana ɓoye na gabansa don kada a tsallake shi. Na biyu, akwai ɗori. Mai gida ya ce a kawo masa miliyan 21, dillali ya ce miki 24, ukun nan tasa ce, sannan ya dawo ya karɓi la'ada a hannunki kamar ke yake wa aiki. In kuka haɗu da mai gida, gaisuwa biyu asiri ya tonu. Ɗori in mai kaya ya yarda da shi, tsakaninsu ne. Abin da ba ya halatta shi ne mutum ya zo miki a matsayin naki, ya ce ya matsa iya matsawa an tsaya a nan, alhali ƙarya ne. Na uku shi ne mafi muni: gidan ba na sayarwa ba ne sam, ko kuma mai sayarwar ba shi kaɗai ke da shi ba. A cikin ukun nan babu wanda zai yi miki daɗi, kuma maganinsu ɗaya ne, ki ga mai gida ido da ido. Abuja ba Sin ba ce. Mutumin da zai karɓi miliyan 24 ba zai kasa shigowa mota ko jirgi ya zo ya sa hannu ba. In da gaske ya wakilta, to a kawo takardar wakilci wadda lauya ya rubuta, lauyanki ya duba ta, kuma duk da haka a kira shi ta bidiyo a gabanki, fuskarsa ta dace da katin shaidarsa, sunan katin ya dace da sunan takardar gida.

Ni ma na taɓa ƙonewa, shi ya sa nake hura wa mutane. Shekarun baya na sayi fuloti a bayan gari, awon igiya, hamsin da saba'in da biyar. Dillalin abokin wani amini na ne, mai fara'a, kullum da carbi a hannu. Ya kai ni da yamma, muka tsaya a cikin gona an gama girbi, ya miƙa hannu da makullin mota yana nunawa: daga waccan dalbejiyar zuwa wancan turken, naka ne. Na ce ina mai gonar? Ya ce tsoho ne, ba shi da lafiya, amma ga takarda ya riga ya dangwala. Na ji kunyar in matsa, don aminina yana tsaye a wajen. Na biya. Bayan damina na koma da mai bulo, na tarar an haƙa fandisho an ɗora layi huɗu, wani bawan Allah yana zaune a kan buhun siminti yana cin gyaɗa. Na ce Malam lafiya? Ya ce shi ma abin da zai tambaye ni ke nan. Muka je gaban dagaci, kowa ya zaro takardarsa. Dangwale iri ɗaya, rubutun hannu iri ɗaya, tasa ta riga tawa da wata biyar. Sai da na yi shekara ɗaya da rabi ina sintiri kafin na karɓi kuɗina, a gutsure a gutsure, lokacin kuɗin ba sa iya sayen rabin fulotin. Tsakanina da aminina kuwa ya zama abin da ya zama, gaisuwa ma sai a ɗaurin aure. Kunyar da na ji ta minti biyar, ita ta cinye kuɗin, ta kuma cinye zumuncin da na ji kunyar dominsa. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun zo maganar ƙanin mijinki.

To yaya ake gane na kirki? Ba a fuska ba, ba a babbar riga ba, ba a yawan rantsuwa ba. Yawan rantsuwa ma ni tsoro yake ba ni. Ana gane shi ne da yadda yake yi in kin jinkirta masa. Ki ce masa kina bukatar mako biyu lauya ya duba takarda, sannan ki zuba ido. Wanda ya san kayansa lafiya lau ne zai ce babu komai Hajiya, ga takarda, ga lambar mai gida. Wanda ya fara kumfar baki, ya ce ba a yarda da shi ba, ya ce shi ba yaro ba ne, ya tuno miki da Alhajin da ya taya, to ya amsa tambayar da ba ki yi ba. Ki tambaye shi kai tsaye: kai dillalin wa ne, nawa ko na mai gida, la'adarka nawa ce, wa zai biya, ku nawa ne a cikin cinikin? Mai gaskiya ba ya jin nauyin wannan tambaya, don kullum ana yi masa ita. Ki tambaye shi ina yake zama. Dillali na gaske yana da mazauni, ofis ne ko shago ko benci a gindin bishiya, inda aka san shi shekaru, inda in rigima ta tashi za a zo a same shi. Wanda ofishinsa lambar waya ce kawai, ranar da ya kashe wayar ya rufe ofis. Sannan ki ce ya ba ki mutum biyu da ya saya wa gida, ba bara ba, shekara uku ko huɗu da suka wuce, don rigimar gida ba ta fitowa a watan farko.

Game da Alhajin nan, wataƙila yana nan, wataƙila babu shi. Ƙirƙiro mai tayi don a zaburar da mai saye tsohuwar dabara ce, dangin abin da malamai suke kira najashi, wato mutum ya taya kaya ba don zai saya ba sai don ya ɗaga farashi, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. In ma Alhajin gaskiya ne, ya saya, Allah ya sanya alheri. Gidaje ba su ƙare a Kano ba. Miliyan 25 ɗin marayu kuwa in ta tafi ba ta da ƙanwa.

Dattijon da kike kuka da sanyinsa, abin da kika kawo a matsayin aibinsa shi ne ya ja hankalina. Dillalin da zai kai ki gida ya ce miki bangon baya yana jiƙa, ko layin nan ba ya shiguwa da mota in an yi ruwa, yana rage wa kansa damar cin la'ada ne da bakinsa. Ba kowa ke iya wannan ba. Kuma kina da shaida a kansa wadda ba ki da ita a kan ɗayan: abokiyar aikinki tana zaune a gidan da ya saya mata. Ki je gidan nata ki sha ruwa, ki tambaye ta shekara nawa ke nan, wani ya taɓa ƙwanƙwasa mata ƙofa da wata takarda, nawa ya karɓa, ya haɗa ta da mai gidan ko bai haɗa ba. In amsoshin sun yi, ni da ni ne, shi zan riƙe. Ki gaya masa iyakar kuɗinki da unguwannin da za su yi miki kusa da makaranta, ki ce ya ɗan ƙara ƙaimi. Amma kada ki faɗa masa duk abin da ke hannunki. In kika ce 25, duk gidan da za a nuna miki zai zama 25. Ki tuna akwai la'ada, akwai kuɗin lauya, akwai kuɗin takardu, akwai gyara, ko fenti ne da famfo. Mai miliyan 25 gidan miliyan 21 ko 22 ya kamata ta nema.

Sai dai ko dattijon nan, da duk kirkinsa, kada ki ɗora masa kayan da ba nasa ba. Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. Sai a mai da dillali shi ne mai nemowa, shi ne mai duba takarda, shi ne mai rubuta yarjejeniya, shi ne shaida, shi ne ma'aji. Wanda ba zai ci ba sai an saya, ba shi ake tambaya ko a saya ba. Duba takarda aikin lauya ne, kuma lauyan da ke kika ɗauko, ba wanda dillali ya ce yana da shi ba.

Ga abin da ya sa takarda take da wuyar sha'ani. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙewa haƙƙin zama ne, wanda takardar da ake kira C of O take tabbatarwa, galibi na shekara 99 in gidan zama ne. Dokar ta kuma ce mai irin wannan haƙƙi ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Ma'anar wannan a wajenki ita ce, in gidan yana da C of O, akwai fayil ɗinsa a ma'aikatar ƙasa, kuma lauya zai iya neman a yi bincike a can da kuma hukumar KANGIS mai ajiye bayanan filayen Kano, a ga sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki ko ba a jinginar ba, an soke ko ba a soke ba, ana bin sa kuɗin ƙasa na shekara nawa. Hoton shafi ɗaya a waya ba ya gaya miki ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sau da yawa za ki tarar sunan da ke kan takardar na mutum na farko ne, gidan kuwa ya wuce hannu uku ba a canja suna ba. Wannan ba lallai ya hana ciniki ba, amma dole a ga takardar kowane ciniki, ɗaya bayan ɗaya, har a iso kan wanda ke tsaye a gabanki. In zobe ɗaya ya ɓace a sarƙar, a tsaya. Ki kuma sa a tambaya ko an sabunta takardar, don a ƙarshen 2024 gwamnatin Kano ta kira masu takardun mallaka su je su sabunta.

Amma gaskiyar magana, gidaje da yawa a unguwanni irin su Gaida da sauran gefen gari ba su da C of O. Gonaki ne aka yanka da igiya, abin da ke akwai takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa ko dagaci da shaidu. Dubban mutane suna zaune a irinsu lafiya. Sai dai a nan binciken ƙafa ya fi na ofis. A je wajen mai unguwa, ba tare da dillali ba. A tambayi maƙwabcin dama da na hagu da na baya: gidan wa ne, wa ya gina, daga hannun wa ya sayi filin, an taɓa rigima a kansa? Tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin layi ta fi kowane fayil sanin tarihin gidan nan. In aka ce miki gidan gado ne, to ki ƙara buɗe ido. Ɗa ɗaya ba ya sayar da gidan magada don shi ne babba. Ko dai a ga takardar rabon gado ta kotu da ta nuna gidan ya faɗo a rabonsa, ko duk magada su sa hannu, mata da maza, har wadda take aure a wani gari. Ita ce ma za ta dawo bayan shekara biyar ta ce ba ta sani ba, kuma alƙali zai saurare ta.

Akwai kuma tambayar da ko takarda mai kyau ba ta amsawa: asalin wurin mene ne? Hanya ce aka cinye, ko magudanar ruwa, ko filin makaranta, ko maƙabarta, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta? Wannan hukumar tsara birni ta KNUPDA ake tambaya. Duk wanda ke Kano a watan Yunin 2023 ya ga yadda aka rushe gine-gine a filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, kuma masu su da dama suna riƙe da takardun da suka samu a zamanin gwamnatin da ta gabata. Ba ina shiga siyasar abin ba ne, ina nuna miki cewa filin da asalinsa na jama'a ne, rigimarsa ba ta mutuwa. Ki haɗa da naki idon. Kano cike take da kududdufan da aka cike da shara aka yi gini a kai. Da rani ba za ki gane ba. Ki dubi gindin bango, in kin ga sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, ko siminti yana ɓarɓashi da fari-fari kamar kanwa, ki tambayi yaran layin ina ruwa yake kaiwa a watan Agusta. Yara ba su san la'ada ba, za su nuna miki da hannu.

In kina so ki san ko farashin ya yi daidai, akwai ƙwararrun masu kimanta gidaje da suka yi karatun abin, masu rajista da hukumar ESVARBON da aka kafa a 1975. Ana biyansu su kimanta gida su ba da rahoto a rubuce. A ciniki irin naki ba dole ba ne, tambayar nawa aka sayar da gidaje biyu ko uku a layin ma tana wadatarwa, amma ki san suna nan.

Ranar biya, kuɗi daga asusunki zuwa asusun mai gida, mai ɗauke da sunan da ke kan takarda. Ba na dillali ba, ba na ɗansa ba, ba na kamfanin abokinsa ba. Kada a ɗauko kuɗi a jaka. Ban da haɗarin hanya, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kuma shaidar banki ita ce shaidar da ba ta mantuwa, ba ta mutuwa. Kafin alƙalami ba laifi ba ne in an gama bincike, amma mai gida ake ba wa, a rubuta nawa ne, a rubuta ranar cikawa, a rubuta abin da zai faru in wani ya fasa ko aka gano matsala a takarda. Allah da kansa ya ce a kafa shaidu in an yi ciniki, a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani. Wanda ya ce miki rubutu rashin yarda ne, ki karanta masa ita. In akwai 'yan haya a gidan, a san ranar tashinsu kafin ki cika kuɗi. La'ada kuwa ita ce ƙarshe, bayan takardun asali da makulli sun shigo hannunki. Dillalin da aka riga aka sallama ba ya ɗaga waya da sauri.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma ba zan yi shiru a kansa ba. Kuɗin nan ba naki ke kaɗai ba ne, akasarinsa na marayu ne. Takardar gidan ta fito da sunanki da sunayen yaran huɗu, a rubuta abin da kowa ya zuba, har kuɗin adashinki a ware shi a fili. Kada a sa sunan wani namiji a dangi wai don shi ne babba ko don mace ba ta shiga ofis. Yau kowa lafiya, amma mutuwa tana zuwa, aure yana zuwa, yaran nan za su girma su yi iyali. Ki tambayi malamin da ya raba muku gadon, ko kotun da ta raba, yadda ya dace a rubuta da kuma wanda zai sa hannu a madadin ƙananan.

Wannan ma ita ce ƙofar da za ki bi ki fita daga kunyar ƙanin mijinki ba tare da kin ɓata masa ba. Kada ki ce masa ba ki yarda da abokinsa ba, kada ma ki kawo zancen dattijon tukuna. Ki same shi, ko ki sa babban ɗanki ya raka ki, ki gode masa a kan tsayuwar da yake yi, sannan ki ce: "Baban yara, kuɗin nan na 'ya'yanka ne, amana ce a wuyana da wuyanka. Ina tsoron ranar da za su tambaye mu. Ina so kai da kanka ka tsaya a ga mai gidan, a kai takarda wajen lauya, kafin a fitar da ko naira ɗaya." Kin ga yanzu ba ki ture shi ba, kin ɗora shi a gaba. Shi zai juya ya ce wa abokinsa kawo mai gida, kuma abin da abokin zai iya yi miki na hanzari da ɓacin rai, ba zai iya yi masa ba. In gidan lafiya yake, kin samu gida, kin samu shaida daga dangin uban yaran. In ba lafiya ba, shi zai gano da idonsa, ba ke kika faɗa ba. Mai yiwuwa ne ma an yi masa alƙawarin wani abu a cikin la'adar, wannan ba baƙon abu ba ne a harkar, kuma ba lallai da mugun nufi ba. Kada ki tono. Ki dai tsaya a kan sharaɗinki.

In ya ce ai shi ya yarda da mutumin, ki ce kin sani, ke ma ba ki ƙi ba, lauya ne ya ce sai ya ga mai gida da takardar asali. Lauyoyi sun saba a jingina musu irin wannan, yana cikin abin da ake biyansu. Ki nemo lauyan gobe, tun kafin Juma'ar, ki ba shi hoton shafin da aka turo miki ya fara da lambar da ke kai.